Zoben Da Aka Yanka Sau Biyu

Kafin ku fara yi min ƙorafin na kwana biyu ban leƙo ba, ku sani da hannu ɗaya nake danna muku wannan. Na hagun yana kan cinyata naɗe da bandeji, ya yi suntum, ko motsa shi na yi sai na ji zugin har cikin haƙorana. Masu tambayar kalar ankon biki a ƙasan rubutuna na baya, ku ce wa telolinku su dakata. Ku fara jin abin da ya same ni ranar Talata.

Wanda yau ya fara karanta ni, sunana Afrakoma, shekarata ashirin da bakwai. Kitso ne sana'ata, ina da ɗan shago a Bantama, nan Kumasi, kuma ba yabon kai ba, in na kama kan mace sai an tare ta a hanya an tambaye ta wa ya yi mata. Da yatsun nan goma nake ci, da su nake sha. Wanda zan aura kuwa Oduro ne, mai shagon kayan mota a Suame, dogo, mai sanyin murya, irin mazan nan da in sun shigo coci tsofaffin mata ke gyara zama suna cewa ina ma ɗansu ne. Ya taɓa aure. Ya ce min matar ta bi wani zuwa Italiya ta bar shi da ciwon zuciya, ni kuwa uwar 'yan tausayi har hawaye na yi masa ranar da ya ba ni labarin.

Wata biyu ke nan da danginsa suka zo gidanmu da kwalba biyu na barasa, da akwatin zannuwa, da Littafi Mai Tsarki, da zobe. Wofa Bempa, yayan mahaifiyata kuma babban gidanmu, shi ya karɓi kwalaben, ya zuba wa kakanni nasu a ƙasa, maza suka shanye sauran. Tun daga ranar ni matar Oduro ce a idon dangi, sai dai fa in an mayar musu da kwalabensu. Coci kawai ya rage, Asabar ta sama, inda zai ƙara min zoben aure a kan na baiko.

Zoben baikon nan ba irin na kanti ba ne. Zinariya ce aikin hannu, da farin dutse zaune a karkace, gefen zoben ya lanƙwaso ya zagaye dutsen kamar ganyen barkono. Kyau kam ba a magana. Matsalar ita ce miƙaƙƙen zoben auren da Oduro ya sayo ya ƙi kwanciya a jikinsa. In na jera su a yatsa sai a ga gibi a tsakani wanda ƙwayar shinkafa za ta wuce. Ni ko a jikina. Amma Maame, mahaifiyata, sai ta sa ni gaba kamar ta samu aikin yi.

"Haka za ki miƙa hannu a gaban fasto, zobe ɗaya na gabas ɗaya na yamma? Matan zumunta su samu abin taunawa har Kirsimeti?"

"Maame, wa zai tsaya leƙen yatsana?"

"Ke kika san coci ko ni? Ki kai shi Ash-Town wurin Agya Twumasi ya ƙera miki wanda zai kwanta a jikinsa. Kada ki kai wa kowa sai shi, kin ji ni? Shi kaɗai."

Safe wannan magana, yamma wannan magana, ana kirɓa fufu ita ce, ana wanke-wanke ita ce. Ni kuma abin da ya hana ni shi ne Oduro. Tun ranar da ya sa min zoben ya ce ko wanka zan yi kada in cire. Kullum da tsakar rana saƙonsa zai shigo: *"Sarauniyata, turo min hannuna in gani."* Hannuna fa yake cewa, ba hannunki ba. Ni kuwa in ajiye mataji, in karkata yatsu in ɗauka in tura, ina wani murmushi, in nuna wa masu kitso in ce ku ga yadda ake son mutum. Har ƙawata ta yarinta na daina gaisarwa don ta ce wannan ba so ba ne, gadi ne. Ku yi min dariya, na cancanta.

Ranar Talata da safe na gaji da mitar Maame. Na ce a raina kwana biyu ne kawai, in yi masa bazata, ya ga zobba biyu sun rungumi juna ya ji daɗi. Na saka doguwar rigata mai ruwan goro, na ɗaura ɗankwali, na hau tirotiro, ƙaramar bas ɗin haya ta nan, sai Ash-Town.

Shagon Agya Twumasi ɗan ƙuƙut ne, tsakanin wani tela da wata mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye. Tsoho ne siriri, gashin kansa fari fat, yatsunsa duk tabon wuta. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne wayoyin ƙarfe da aka ja daga bango zuwa bango, an zura musu ƙananan zobban tagulla ɗaruruwa, kowanne da 'yar takarda ɗaure.

"Agya, duk waɗannan na sayarwa ne?"

Ya yi dariya. "Waɗannan matan mutane ne, 'yata. Ni ba na taɓa zinariya kai tsaye. In aka kawo min zoben baiko, sai in fara ƙera abokinsa da tagulla. In goge da magagari, in gwada, in sake gogewa, in sake gwadawa, har ya kwanta a jikinsa ko iska ba ta wucewa. Sannan in kwaikwaye shi da zinariya. Na tagullar kuma in rubuta sunan mai shi in rataye. Shekara arba'in ban yar da ko ɗaya ba. Kuma zoben hannu kowanne da nasa lanƙwasar, na wata ba ya shiga na wata. Ciro mu gani."

Sai da ya ɗiga min ruwan sabulu sannan zoben ya fita, ya bar min farin zane a yatsa. Ya manna gilashi a idonsa, ya juya zoben yana 'yar waƙarsa ta coci. Ya kai ga cikin zoben ta ƙasa, sai waƙar ta tsaya cak. Ya shafa wurin da farce. Ya sake shafawa. Ya cire gilashin ya dube ni, ba fuskata ba, hannuna.

"Waye mijin?"

"Oduro, na Suame."

"Wa ya turo ki wurina?"

"Mahaifiyata."

Ya ɗaga kai yana bin wayoyin nan da kallo. "Akwai abin da zan nema, kuma ba na son in yi magana ban gan shi ba. Jeki, ki dawo jibi ke da mahaifiyarki. Amma ki ji ni da kyau, kada ki bari ya ga hannun nan haka."

Na yi dariya na ce ai bazata ce dama. Shi bai yi dariya ba.

Sha biyu da 'yan mintuna ina tsakiyar kan Anti Dufie, wata ƙatuwar mata mai sayar da kifi a kasuwar Kejetia, na yi rabi saura rabi, wayata ta yi ƙara.

*"Sarauniyata, turo min hannuna."*

Na shiga hotuna na zaɓo wani na makon jiya na tura, na ci gaba da kitso. Ko minti ɗaya ba a yi ba.

*"Ranar Lahadi kore kika shafa a farce. Wannan ja ne."*

Na dubi farcena. Kore shar.

*"Ɗauki sabo yanzu."*

Na rubuta hannuna duk mai ne, na goge. Na rubuta caji ya kusa ƙarewa, na goge. Ina cikin haka na huɗu ya shigo.

*"Ina zuwa."*

"Lafiya, Afra? Kin ja min gashi," in ji Anti Dufie.

"Lafiya lau, Anti. Ango ne zai leƙo."

"Oho, mai hannu! Ya zo mu gan shi, ko zai koya wa nawa tsohon yadda ake yi."

Daga Suame zuwa Bantama in da cunkoso sai a yi rabin sa'a. Ban san ta inda ya bi ba. Na dai ji ƙarar birki, na ga labulen ƙofa ya ɗaga, ga shi cikin farar shat ɗinsa mai guga, yana ƙamshin turaren da ni na saya masa. Har ya gaida Anti Dufie da ladabi. Sannan ya miƙo min tafinsa.

"Kawo."

Na ba shi na dama.

"Ɗayan."

Na ciro shi daga bayana. Ya riƙe a hankali, ya kalli farin zanen nan, ya shafa shi da babban yatsa.

"Ina yake?"

"Oduro, tsaya ka ji, bazata na so in yi maka, na kai a ƙera..."

Ban ga tahowar marin ba. Ji kawai na yi kunnena ya ɗauki ƙara, na ga wuta, na tafi da baya na bugi madubi, kwalaben man gashi suka zubo min a ka. Kafin in miƙe ya damƙi gashina ya ɗago ni. Har yanzu hannuna na cikin nasa. Ya ware yatsan zoben daga sauran, ya dube ni cikin ido, ya tanƙwara shi baya.

Ƙas! Na ji ƙarar kafin in ji zafin. Da zafin ya iso, ihun da na yi ban san muryata ba ce.

"Yesu! Za ka kashe ta ne, ɗan banza?" Anti Dufie ta taso da rabin kai a tsefe, ta rarumi kujerar roba ta maka masa a gadon baya. Ya juyo ya hankaɗa ta, matar nan mai girman jiki ta zube kan bokitin wankin kai. Ya ja ni waje da gashi, takalmina ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Masu shagunan layinmu suka fito, mai gasa ayaba tana ta kururuwa, amma wani namiji na ji ya ce, "Ku bar su, matarsa ce, an sha kwalba." Wannan maganar ba zan manta da ita ba har in mutu.

Ya jefa ni mota ya kulle. Kun san abin da ya fi ba ni tsoro? Ba ihu yake yi ba. Rediyo na ta waƙar yabo, shi kuma yana tuƙi da hannu ɗaya, muryarsa a sanyaye kamar mai karanta sanarwar coci.

"Abu ɗaya na roƙe ki, Afra. Ɗaya tak. Kin ga abin da kika sa na yi? Wane maƙeri ne?"

Na kau da kai. Ya miƙo hannu ya matse yatsan.

"Twumasi! Agya Twumasi, Ash-Town!"

Motar ta yi wani tangaɗi har mai tirotiro ya zage shi. Karon farko ke nan da na ga fuskarsa ta canza.

Muna shiga shagon, yana riƙe da wuyan rigata, muka tarar da tsohon zaune ya sauko da waya guda daga bango, zobban tagulla baje a gabansa. Ya dubi kuncina, ya dubi yatsana da ya karkace ya fara baƙi, ya runtse ido.

"Laifina ne, 'yata. Da ban bar ki kin fita ba."

"Tsoho, ba ni kayana," in ji Oduro.

"Zan ba ka. Amma sai ta gani." Ya ɗaga zoben baikona da hagu, ya ɗauki wani na tagulla da ya yi tsatsa kore da dama. "Afrakoma, buɗe idonki. Yau da safe kika kawo min wannan, ko rabin magagari ban goga ba. Wannan kuwa shekararsa shida a bangona."

Ya haɗa su. Suka kwanta a jikin juna ƙyam, lanƙwasa ta shiga lanƙwasa, ko gashi ba zai ratsa ba. Ya juyo min da 'yar takardar da ke ɗaure. An rubuta *Konadu, matar Oduro.*

"Ni na ƙera mata zoben aurenta a jikin wannan. Bayan shekara ɗaya da rabi ta shigo nan, ta zauna inda kike tsaye, yatsanta ya kumbura ya yi baƙi ƙirin, zobban sun nutse cikin nama. Cirewa ta yi za ta juya fufu a turmi, ya gani, ya mayar mata da su da ƙarfi, ya sa hannun a ƙofar mota ya rufe. Da zartona na yanke su. Shafa cikin zobenki ki ji, ga inda wani ya liƙe shi, aikin banza, ko gogewa bai iya ba. Yatsan bai tsira ba, asibiti suka cire shi. Ba Italiya ta je ba, tana Mampong tana sayar da dokunu da yatsa tara."

Ban san lokacin da na ce, "Oduro, gaskiya ne?" ba. Wai ni har lokacin tambaya nake yi.

Amsar da ya ba ni ita ce ya ɗaga ƙafa ya tokari akwatin gilashin tsohon. Gilashi ya tarwatse, sarƙoƙi da 'yan kunne suka watse a ƙasa. Ya kai wa Agya Twumasi naushi a baki, tsohon ya tafi ya bugi bango, wayoyin nan suka tsinke, zobban tagulla suka yi ta zubowa suna gangarawa har titi. Oduro ya tsinci zobena a ƙasa, ya kamo hannuna.

"A'a! Don Allah, a karye yake! Oduro, don girman Allah!"

Ya tura shi. Ya tsaya a gaɓa, ya murɗa, ya danna da ƙarfinsa duka har ya wuce. Na ji ƙashi na gogar ƙashi. Fitsari ya kufce min, ba zan ɓoye muku ba, a tsaye a gaban mutane, cikin rigata mai ruwan goro. Bai tsaya nan ba. Ya ja ni zuwa uwar maƙera, ya shimfiɗa tafina a kai, ya laluba ya ɗauko guduma.

"Tunda hannun nan bai san mai shi ba, yau zai sani. Sai in ga da me za ki yi kitson."

Na ga gudumar ta tashi. Na rufe ido.

Sai na ji wani huuu, da ƙaurin gashi, da ihu wanda ba nawa ba. Agya Twumasi ne, jini na zuba a bakinsa, ya kunna bututun wutar da yake narka zinariya ya kafa masa a damtse. Gudumar ta faɗi gefen ƙafata. Hannun farar shat ɗin ya kama da wuta, Oduro ya yi waje yana kakkaɓewa, sai ya yi karo da mai dokunu ta taho da tukunyar ruwan zafi, ta sheƙa masa a ƙafafu. Tela ya biyo da almakashi, masu gyaran takalmi da duwatsu. Da ƙyar ya kai mota, gilashin baya ya tafi da jifa, ya fizge ta ya gudu.

Na zube a ƙasa cikin fasassun gilasai. Yatsan ya riga ya haɗiye zoben, naman ya taso gefe da gefe, farcen ya koma shuɗi. Tsohon ya tofar da jini, ya goge hannunsa a zani, ya zauna ya ɗora hannuna a gwiwarsa. Ya zura wani siririn ƙarfe tsakanin zoben da fatata, ya ɗauko ɗan zartonsa mai kama da zare.

"Konadu ta kwana uku kafin ta zo. Ke ko sa'a ba ki yi ba. Riƙe ta, Yaa."

Yaa mai dokunu ta rungume kaina a ƙirjinta, tana warin hayaƙi da barkono, tana cewa yi kuka 'yata, yi abinki. Ina jin zarton yana ci, ƙiƙi-ƙiƙi, kowane ja har tsakiyar kaina. Da ya ratsa, ya sa awartaki ya buɗe zoben, jini ya koma yatsan da wani zafi da ya sa na ciji zanin matar nan.

"A kan tsohon layin na bi," in ji shi. "Sau biyu ke nan. Ba na fatan na uku." Ya ƙulle zoben da na tagullar a tsumma ya damƙa min a hannun dama.

A asibiti suka ce karaya biyu ce, yatsan zai tsira amma ba su yi alkawarin zai sake lanƙwasuwa ba. Na tambayi likitar ko zan iya kitso. Ta ce mu bari a kwance tukuna. Na san irin wannan amsar.

Jiya Laraba da safe Wofa Bempa ya iso gidanmu, ya yafa babban zaninsa a kafaɗa, aka sa masa kujera a tsakar gida ƙarƙashin mangwaro. Maame tana bakin madafa tana jajjaga, tun da aka dawo da ni shafa kaina kawai take yi. Ya dubi bandejin sama-sama.

"Sannu. Ya kira ni, yana ta kuka. Ya ce sharrin Shaiɗan ne. Ke ma da naki, miji ya ce kada ki cire abu, me ya kai ki? Zai kawo tunkiya ya ba da haƙuri. Ba maganar 'yan sanda, ba a kai miji ƙara a gidan nan. Asabar tana nan yadda take, ki sa safar hannu ta amare, ba mai gani."

"Wofa, guduma fa ya ɗauka."

"Ya buga? Bai buga ba. Ni na karɓi kwalba a gaban mutane, na kira sunayen kakanni. An saƙa kente, zanen bikin, an gayyaci gari. So kike in zama abin nuni a wurin jana'iza?"

Wayata ta yi ƙara a cinyata. Na duba. *"Sarauniyata, ya hannuna?"* Na kife wayar.

Sai na ji jajjagen ya tsaya. Maame ta miƙe ta shiga ɗaki, muka ji tana jan wani abu daga ƙarƙashin gado. Ta fito ta ci ɗamara, riƙe da kwalba biyu na barasa, sababbi, irin waɗanda aka kawo ranar baiko sak. Ƙura ta kwanta a kafaɗunsu. Ba jiya aka saye su ba.

"Pokuaa, mene ne wannan?" in ji Wofa, ya kira ta da sunanta.

"Abin da na roƙe ka ka yi tun makonni shida." Ta dire su a faranti. Ni take kallo, idonta jawur. "Afra, a wurin wata jana'iza a Mampong ina ta nuna hoton zobenki ina taƙama, wata mata ta karɓi wayar, ta kalla, ta ɗaga min hannunta. Na dawo na faɗa wa yayana, ya ce in na sake tayar da maganar ba shi ba ni. Ke kuma na ga abin da kika yi wa ƙawarki don kalma ɗaya. Na san in daga bakina ne ba za ki yarda ba. Shi ya sa na ƙirƙiro maganar gibi. Me ya dame ni da gibi? Na ce ki je inda za a nuna miki da ido. Wayo na yi, wayon matsorata, ga shi 'yata ta biya da yatsa. Ki yafe min."

Duk mitar nan da na yi ta tsaki a kanta, ashe ihu take yi min da iyakar muryar da aka bar mata.

Wofa ya miƙe yana gyara zani. "Kin haukace? Mace ba ta mayar da kwalba! Ni na karɓa, ni kaɗai zan mayar, kuma ba zan mayar ba. Ajiye su!"

Ya tako zai tare ta. Maame ta miƙa hannu ta ɗauko taɓaryar fufu da ke jingine a bango, doguwar nan da ta fi ta tsayi, ta buga gindinta a siminti har kaji suka watse.

"Bempa, nono ɗaya muka sha, ban taɓa ɗaga maka murya ba. Amma na rantse da kabarin uwarmu, ka ƙara taku ɗaya, sai an naɗe maka hannu irin nata."

Bai ƙara ba. Ta ɗora farantin a ka, ta ce, "Taso, ɗauko zobensu, mu je mu mayar musu da kayansu."

Na zura silifas, na rataya jaka a kafaɗar dama, na bi bayanta ina jin jiri. Da ta ja ƙyauren gida, sai ga wata mata tsaye a waje, siririya, cikin baƙin zani da jan ɗankwali, kamar ta daɗe tana jira. A hammatarta akwai wani abu naɗe da jarida, wuyan kwalba ya leƙo. Ta gaida Maame, sannan ta dubi bandejina, ta ɗaga hannunta na hagu ta buɗe min shi. Tsakanin na tsakiya da ƙaramin babu komai sai tabo.

"Ni ce ta Italiya," in ji ta. "Nawa dangin shekara huɗu suna cewa in yi haƙuri, har yau ba wanda ya mayar da tawa kwalbar. Mahaifiyarki ta aiko min cewa za ku, na ce ba za a bar ni a baya ba."

Wayata ta sake ƙara. *"Ina gidan kawuna, ku zo mu sasanta. Ki sa zoben kafin ki shigo."*

Na nuna mata. Konadu ta karanta, ta yi wani ɗan murmushi da bai kai ido ba, ta sa hannunta mai yatsa huɗu ta tallafo nawa mai bandeji, ta ɗaga su sama tare.

"Hannunsa yake son gani, ko? Ɗauka ki tura masa."

Na ɗauka, na tura. Alamar ya buɗe ta fito nan take. Muna tafe mu uku a bakin titi, kwalabe na ƙara a kan Maame, ina ta duban wayar. Tun da na san Oduro bai taɓa barin saƙona ya yi minti ɗaya ba amsa ba. Har muka hau tirotiro bai ce komai ba.